Darussan Tayar da Tsohuwar Roka: Tankin Mai da Giyabos

Babbar motar da ta shekara biyu ko uku a ajiye, in aka tashi tayar da ita, abubuwa biyu ne mai mota ke fara zargi: famfon injekta, mai tura gas cikin inji da ƙarfi, da giyabos. Su ne kuma mafi tsada. Abin da aikin gareji a Katsina ya koya mini shi ne, galibi laifin ba nasu ba ne, yana can wajen wani abu mai araha da ba a kula da shi ba: murfin tanki, washar tagulla, tiyo, ko feda da ba a saita ba. Zan ɗauki Marsandi 911 da muke kira roka a matsayin misali, mai injin OM352, silinda 6, lita 5.7, domin har yau tana ɗaukar hatsi da dabbobi zuwa Mai'adua da Jibiya. Amma yawancin bayanin ya hau kan kowace tsohuwar mota mai shan gas.

Kafin a taɓa sifana, a bambance ciwon. Direba zai ce mota ba ta ja a hawa, kalmarsa ke nan, alhali abubuwa uku ne daban. In ya taka totur ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, ga ƙauri, kuloci ne ke sulɓewa. In ƙarar ta faɗi, inji yana sarƙewa, ba wani hayaƙi, mai ne ba ya isa. In kuwa baƙin hayaƙi ke tuttuɗowa daga salansa, a duba filtar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa, ko kuma lodi ya wuce kima.

A ce mai ne. Gwaji mafi sauƙi shi ne na jarka. A zuba gas mai tsabta kamar lita 10, a cire tiyon da ya fito daga tanki, a sa wani daga jarkar kai tsaye zuwa ƙaramin famfon da ke jawo mai, a mayar da tiyon rara, wanda ke komar da ragowar mai tanki, shi ma cikin jarkar. In mota ta yi lafiya, an wanke famfon injekta daga zargi, aiki ya koma tanki da layinsa.

Tanki yana da hanyoyi da yawa na wahalar da mutum. Motar da ke tashi garau, ta yi tafiyar minti 20 ko 30 ta mutu, a huta ta sake tashi, a fara duba murfinta. Akwai ɗan ramin shaƙar iska a jikinsa, ko wani siririn bututu a saman tanki, kuma ƙura ko gidan zanzaro na toshe shi. Mai na fita, iska ba ta shiga, har famfo ya kasa ja. In ka buɗe murfin ka ji ya ja iska fuu, ka samu ɓarawon. Wadda kuma ke tafiya lafiya in tanki cike yake, ta fara tari da zarar mai ya sauko ƙasa da rabi, bututun da ke zuƙo mai a cikin tankin ne ya tsage ko tsatsa ta huda shi a tsakiya: muddin mai ya rufe hudar shiru, da ya sauka sai iska. Akwai kuma mai mutuwa ba ƙa'ida, yau a Mashi gobe a bakin Ƙofar Ƙaura. Wannan yawanci wani abu ne ke yawo a cikin tanki, ledar da aka yi toshiya da ita ko guntun tsumma, ya zo ya manne a bakin bututu, in inji ya mutu ya saki.

Sai ruwa. Tankin da aka bari rabi yana yin gumi ta ciki, musamman da sanyin dare na hunturu, ga kuma wanda ke zuwa cikin man 'yan bumburutu. Ruwa ya fi gas nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya, ya ci ƙarfe, kuma a tsakaninsa da mai ne wata baƙar dagwalo mai yauƙi ke tsirowa ta cika filta. Canza filta ba ya maganinta, sabuwar ma kwana kaɗan za ta yi. Dole a sauke tankin. A juye abin da ke ciki, a jefa guntuwar sarƙa, a zuba gas kaɗan, mutum biyu su yi ta girgizawa, a zubar, a maimaita har ya fito fes, a shanya a rana ya bushe sarai. Kada a zuba tsakuwa ko yashi: akwai shinge-shinge a cikin tanki da ke hana mai kaɗawa, a bayansu suke maƙalewa, daga baya su bi mai. A kuma leƙa ƙarƙashin ɗamarar ƙarfen da ke riƙe tankin, nan danshi ke zama, nan huda ke farawa. Wajen mayarwa a shimfiɗa roba tsakani.

Gwajin yoyo ana yinsa da iska kaɗan, kada ta wuce bar 0.2, a shafa ruwan sabulu a nemi kumfa. Wanda ya ɗora masa iskar taya zai kumbura shi. Batun walda kuma ba wasa: cewa gas ba ya kamawa kamar fetur ya raunata masu walda da dama, domin tururinsa na fashewa in ya ji zafi. A wanke da ruwan zafi da omo, a bar murfi a buɗe, a cika shi da ruwa har kusa da inda za a yi aiki. Wanda zai ƙera sabo kada ya yi da kwano mai rufin zin, gas na cin rufin ya kai shi nozul, bakin da ke fesa mai cikin silinda.

Abin da ya fi ruɗa yaran gareji shi ne layin da ke tsakanin tanki da ƙaramin famfo ba ya ɗiga ko da ya lalace, saboda ja ake yi a wurin, ba turawa ba. Iska yake sha, waje a bushe. A sa guntun tiyo mai haske kafin filta, a tayar da inji, a zuba ido: in ƙwayoyin iska na wucewa, a bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya. Washar tagulla da aka taɓa ɗaurewa ta taurare, a canza, ko a gasa ta ta yi ja ta yi laushi. Robar ɗan kofin gilashi da ke ƙasan famfo, da ɗan famfon hannu da ake bugawa don jawo mai in ya tsufa, duk suna shan iska. Wajen cire iska a bi tsari: filta tukuna, sannan famfon injekta, sai a sassauta notin bututun nozul a buga kik, kada bugu ɗaya ya wuce daƙiƙa 15. Nozul na buɗewa ne da ƙarfin kusan bar 200, yana huda fata, saboda haka ba a neman yoyo da yatsa.

Giyabos shi ma kunne ake fara sa masa kafin sifana. A kashe inji, a gwada kowace giya. In duk suna shiga salin-alin, amma da an tayar da inji sai gurnani, musamman ta ɗaya da ribas, kuloci ne ba ya saki. A duba wasan feda, ya zama kamar santimita 2 zuwa 3 kafin ta fara nauyi, in kuma mai amfani da mai ne a duba yoyo a cire iska. Motar da ta daɗe a tsaye, faifan kuloci kan manne da tsatsa a jikin fulayiwil. In giya ɗaya ce tak ke ƙara, to zoben tagullarta, mai daidaita gudu kafin giya ta shiga, shi ne ya cinye, nan kam sai an buɗe.

Ƙara ma tana faɗin inda take. Wadda ake ji a firi, ta ɓace in an taka kuloci, boris ne na cikin giyabos. Wadda ke zuwa sai an taka, boris ɗin kuloci ne. Giyar da ke fita da kanta in an saki totur, kafin a sauke komai a duba robobin da inji ke zaune a kai, da babban notin bayan giyabos inda farfela, dogon ƙarfen da ke kai juyi ga tayoyin baya, ke ɗaure, da ɗan sifirin da ƙwallon da ke riƙe sandar giya a murfin sama. In waɗannan lafiya suke, sannan a yi maganar haƙoran da suka cinye. Direban da ke ɗaure sandar giya da roba don kada ta fita, cokalin da ke tura giyar yake cinyewa.

Man giyabos kuwa ya kai daidai leɓen ramin zubawa, mota na tsaye a wuri mai daidai. A fara kwance notin zubawa kafin na juyewa, kada a zubar da mai sannan a tarar na sama ya ƙi. Kalar madara alamar ruwa ce, garin ƙarfe mai laushi a jikin maganaɗisun noti ba komai, amma ɓarɓashi mai kaifi ko ƙyallin tagulla labari ne. A nan ake yawan kuskure: a zuba man aksul mai lambar GL-5 a tsohon giyabos mai zoben tagulla, wasu nau'o'insa na cin tagullar, giya kuma ta yi tauri. GL-4 ake nema, ko abin da kamfanin ya rubuta. Giyabos mai zubar da mai ta gaba da baya a lokaci guda, a duba hancin shaƙar iskarsa a sama, in ya toshe zafi ne ke tura man ta sil, ko an canza sil sau nawa.

In ya zama dole a saya na hannu, ko a nan ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, a sa mai kaya ya buɗe murfin sama a ga haƙora, a juya da hannu a kowace giya, a gwada lambar jiki da yawan haƙoran sandar gaba da na faifan kulocinka. Kuma in za a jawo motar daga Daura zuwa Katsina, a cire farfela tukuna, a yi mata alama da fenti don ta koma yadda take. Inji a kashe, giyoyin ƙasa da ke watsa mai ba sa juyawa, sandar sama kuwa tayoyin baya na juya ta a bushe, kuma tafiyar kusan kilomita 80 ta isa ta ƙone boris.