Yau dai bota-kirim ɗina ya tsaya

'Yan uwa, alhamdulillahi, yau bota-kirim ɗina irin na Suwis, wato kirim ɗin adon kek da ake yi da farin ƙwai, sukari da bota, ya haɗu. Na matsa fure a kan kapkek, ganyen ya tsaya cak, bai kwanta ba, bai yi gumi ba. Daɗin da na ji ba ya misaltuwa.

Tsarina tun farko shi ne in gama da kirim, in wuce ga jera kapkek kamar damin furanni, daga nan in taɓa kyandir mai siffar kapkek. Ina! Duk abin ya cakuɗe, kirim ɗin nan ya riƙe ni a wuri ɗaya. Awona bai taɓa canzawa ba: giram 150 na farin ƙwai, 300 na sukari, 450 na bota. Ina ɗora kwanon farin ƙwai da sukari a kan tururi har ma'aunin zafi ya nuna digiri 71 na Celsius, in murza da yatsa in ji babu sauran ƙwayar sukari, in buga har ya yi tsini yana sheƙi. Zuwa nan lafiya lau. Da na fara jefa bota sai labari ya sha bamban. Wani lokacin ya tsinke ya yi gudaji-gudaji kamar madarar da ta lalace, ruwa na kwance a gindin kwano. Wani lokacin kuma ya zama ruwa tsululu, ko cokali ba ya riƙewa. Giram 450 na bota mai kyau ba abin wasa ba ne, duk kwanon da ya tafi haka sai na ji shi har cikin raina.

Ashe duk maganar zafi ce. Bota kusan kashi 80 cikin ɗari mai ce, sauran yawanci ruwa, shi ma farin ƙwai ruwa ne ya fi yawa a cikinsa. Aikinmu shi ne mu sa mai da ruwa su zauna tare, su kuwa ba sa yarda sai zafin ya yi daidai, wajen digiri 21 zuwa 23. In botar ta yi sanyi, man ya daskare ya ƙi shiga, gudajin ke nan. In kuma farin ƙwan bai huce ba, botar ta narke tun kafin ta kama, tunda daga wajen digiri 32 take fara sakin jiki. Taɓa gindin kwano da hannu bai isa ba. Ma'auni na tsoma a tsakiya, sai na ga ciki ya fi bango zafi nesa ba kusa ba.

Yau ma ya tsinke, amma ban zubar ba. Na ɗebi kamar cokali uku manya na narkar, na mayar a hankali miksa tana juyawa. Minti na farko babu abin da ya canza. Can sai ƙarar ta sauya, daga fatsal-fatsal ta koma wani bugu mai nauyi, kirim ya tattaru ya bar jikin kwano tas, ya yi sumul. Wadda nata ya yi ruwa kuwa, ta saka kwanon a firji minti 15 zuwa 20 har gefen ya fara kamawa, sannan ta sake bugawa. Kada ki yi saurin yanke ƙauna, yawanci yana muni sosai gab da zai haɗu. Daga ƙarshe na canza zuwa faffaɗan kan miksa, na bar shi a mafi ƙarancin gudu don iskar ta fita, shi ya sa bakin matsa kirim mai lamba 1M ya fitar da fure babu ramuka.

Wata ta ce min ina wahalar da kaina a kan kapkek, abin da yayinsa ya wuce. Ban yarda ba. Gaskiya ne guguwar kapkek da ta taso a Amurka, da shagon Magnolia a New York da kuma shagon Sprinkles da ya buɗe a 2005 har ya kafa injin sayar da kapkek a 2012, ta lafa, kamfanin kapkek na Crumbs ma ya rufe shagunansa a 2014. Amma shaguna ne suka ragu, kapkek ɗin kuwa cikin gidaje ya shigo. Ku duba sabulu da kyandir masu siffarsa, da na saƙar kwarashi da ake soke allurai a kai, da zanensa a jikin kofuna da tawul ɗin kicin. A ganina inda aka dosa shi ne ƙananan abubuwa masu aikin hannu sosai: ƙaramin kek na cikin akwati da ya yi tashe daga Koriya ta Kudu, da dawowar tsohon adon kek mai hawa-hawa da ake kira Lambeth. Duk hannun matsi ɗaya suke nema, kuma wannan hannun ne za ki kai kan kakin kyandir in an buga shi.

Abin da ya rage min yanzu kala ce. Wannan kirim maiƙonsa ya yi yawa, ja na jel yana fita ruwan hoda komai yawan da na zuba. Zan gwada narkar da ɗan kaɗan tare da kalar kafin in haɗa da sauran, in bar shi ya kwana. Wadda ta taɓa samun ja na gaske ba tare da ɗaci ba, don Allah ta faɗa min yadda ta yi.