Yadda Kawu ya gyara mini sana'ar fassara

Da takardun Faransanci na fara. Mu nan Kabi ƙafarmu ɗaya tana Nijar, ɗaya tana Binin, don haka kullum ba a rasa ɗalibin da ya zo daga Gaya ko Doso da takardar haihuwa ko shaidar kammala sakandare, yana neman a mayar masa da ita Turanci kafin makaranta ta karɓe shi. Akwai kuma fatake masu bi ta Kamba da rasit da takardun mota. Ni kuwa Faransanci na karanta a jami'a a Sakkwato, na dawo Birnin Kebbi ina zaman jiran aikin gwamnati da bai zo ba. A falon maigidana na soma, da tsohuwar kwamfuta da ƴar na'urar buga takarda mai cin tawada kamar me. Daga baya na yi rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, na kama shago.

Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ciniki ya tsaya cak, kuma ta Kamba ba a buɗe ta ba sai 2022. Dole ta sa na juya ga Hausa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Anchor Borrowers a nan Birnin Kebbi a 2015, harkar shinkafa ta jawo ƙungiyoyi da kamfanonin taki da magani, kowa da takardar wayar da kai da yake so a mayar Hausa. Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Hausa ai a nono na sha ta.

Wata ƙungiya ta ba ni takardar yadda ake feshin maganin ciyawa a gonar shinkafa. Na kwana uku a kanta, ƙamus a gefena, na fitar da Hausa tsaf irin ta labaran rediyo. Aka biya ni, aka buga, aka raba. Bayan kamar wata guda na je gaishe da ƙanin mahaifiyata a wani ƙauye kusa da Argungu, sai na hangi takardar tawa an naɗe ta an toshe bakin jarkar fetur ɗin injin ban ruwa da ita. Na zaro, na ce, "Kawu, ai ni na yi wannan." Ya sa jikansa ya karanta masa. Yaron ya kai wurin da na rubuta mililita kaza a cikin lita kaza, Kawu ya ɗaga hannu.

"Ɗiyata, mi kir rubuta nan? Mu da gwangwanin madara muka awo, ko murhin kwalba. Wanga mililita, ina aka saida shi?"

Mutanen da ke kan tabarmar suka yi ta dariya. Ni kam ban yi ba, don na san abin da awon da ya wuce kima ke yi wa shuka da kuma mai feshin. Babu kuskure ko ɗaya a takardar idan malamin makaranta ne zai duba. Amma wanda aka yi dominsa bai ɗauki komai a ciki ba sai abin toshe jarka.

Na koma wurin ƙungiyar da kaina, ba su kira ni ba, na ce a ba ni dama in sake kyauta. Muka zauna da malamin gonarsu, muka sayo gwangwanaye da murafe daga kasuwa muka auna su da sirinji, muka gano ba duka ke zuwa ɗaya ba. A ƙarshe aka yarda a raba ɗan kofi mai zane tare da takardar, a sa hotonsa, a rubuta "cika zuwa jan layi". Tun daga ranar ba na miƙa aiki sai an karanta shi da ƙarfi a gaban mutum uku ko huɗu daga cikin waɗanda aka nufa, ni kuma ina gefe ina kallon fuskokinsu. Inda aka yamutsa fuska, nan nake sa biro. Kuɗin motar wannan tafiyar ina sa shi a cikin farashi, wanda bai yarda ba ya nemi wani.

Wannan ya buɗe mini ido a kan karin harshe ma. Daidaitacciyar Hausa ta rubutu ta fi kusa da Kananci, mu kuwa Sakkwatanci ne a bakinmu. A takarda ina bin ƙa'ida, amma in saƙon murya ne na rediyo ko WhatsApp, ɗan gari nake nema ya faɗa da karinmu. Tsofaffi da yawa kuma ajami suka iya, ba boko ba, shi ya sa nake da wani malamin allo da ke kwafe mana. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan: Nana Asma'u ƴar Shehu da Larabci da Fulatanci da Hausa ta yi rubutu, jajojinta, wato matan da ta koyar, suna kai wa matan ƙauye karatu da baki.

Zancen mata kuwa, kasancewata mace, abin da dangin miji suka so ya zama cikas, shi ya zama jarina. Masu binciken lafiya in sun zo da tafinta namiji, a zaure yake tsayawa, don an rubuta "ba shiga". Ni da ƴan matan da ke aiki da ni har ɗaki muke shiga, a shimfiɗa mana tabarma, mai jego ta faɗi abin da ba za ta taɓa faɗa a gaban namiji ba. Yanzu mu shida ne: akwai mai Zabarmanci da Dandanci daga Kamba, akwai Bafulatana, akwai ƴar Zuru mai Dakarci.

Kuɗi sai da na sha wuya. Wani ofis ya riƙe mini hakkina wata bakwai, kullum "fayil yana gaban oga", ni kuma na riga na biya yarana daga aljihuna. Yanzu kafin alƙalami rabi ne, a rubuce. Masu zuwa da abin da Google ta fassara su ce "ɗan dubawa kawai za ki yi, Hajiya", ina karanta shafi ɗaya a gabansu kafin in yanka farashi, don sau da yawa warwarar ta fi ɗinkin wahala.

Sai masu ɗab'i da haruffa masu lanƙwasa. Mun taɓa yin allon sanarwa na asibiti a kan ciwon ƙashi, na'urarsu ta cinye ƙugiyar ƙ ɗin. Allah ya sa na biya ta wurin kafin a kafa shi. Yanzu PDF kawai nake turawa, kuma ba a buga ɗari sai na ga ɗaya da idona.

Bara da rani na sake zuwa wurin Kawu da sabuwar takarda a kan ajiyar iri. Jikan ya karanta har ƙarshe bai ɗaga hannu ba. Ya karɓa, ya ninke ta huɗu, ya cusa a cikin hularsa, sannan ya ce a kawo mini fura.