Baƙin ɗigon da ke cinye mini katin waya

Rabin aikin magatakardan ƙungiyar manoma jerin sunaye ne: wa ya biya kuɗin taki, wa ake bi. A ƙauyenmu da ke ƙasar Gumel, na saba sa ● gaban sunan wanda ya biya, ○ kuma gaban mai bashi, don dattijon da bai yi boko ba yana gane baƙi da fari da idonsa, ko da jikansa ne ya nuna masa layin sunansa. A WhatsApp lafiya lau. Amma galibin manoman riɗinmu ƙaramar waya mai madannai gare su, dole sai saƙon tes, a nan ne kuma ɗigon ke jawo asara.

Waya ba hoton ɗigo take aikawa ba, lamba take aikawa. Akwai tsarin da ake kira Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ya ba kowane harafi da kowace alama lambarta. Siffofi irin su murabba'i, da'ira da alwatika an ware musu gurbi 96, daga U+25A0 zuwa U+25FF. Baƙin ɗigona U+25CF ne, wato 9679 a ƙirgen da muka saba, farin kuma U+25CB. A intanet, inda ake amfani da UTF-8, wato hanyar da ake ajiye waɗannan lambobi a aika su, ana auna girman rubutu da bayit, kuma kowane bayit ƙananan gurabe 8 ne da ake kira bit: harafin "a" bayit 1 yake ci, ƙ ya ci 2, ● ya ci 3. Wannan ba abin damuwa ba ne, data ba ta ma ji a jikinta.

Tes kuwa buhunsa ƙarami ne, bayit 140 kacal. Idan duk abin da ka rubuta yana cikin tsohon jerin haruffan GSM, wato tsarin wayar salula, kowane harafi bit 7 zai ci, sai saƙo ɗaya ya ɗauki 160. Da zarar alama ɗaya tak da ba ta cikin jerin ta shigo, kowane harafi a saƙon gaba ɗayansa ya koma cin bit 16, sai saƙo ɗaya ya ɗauki haruffa 70 kawai. Ba ɗigon kaɗai ke yin tsada ba, har haruffan da ke kewaye da shi. Jerin da ya kamata ya tafi a saƙo ɗaya sai ya tsinke gida uku, a caje ka sau uku, sannan ka ninka da yawan mutanen da za ka tura wa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne ƙ, ɗ, ɓ da alamar ₦ duk haka suke yi. A Turai aka tsara jerin, akwai £ da é da ñ a ciki, har da Δ ta Girkanci. Wato Δ za ta wuce da araha, amma △ da ke kama da ita, U+25B3, za ta rage maka saƙo. Shi ya sa ba na ganin laifin mai rubuta "kasa" maimakon "ƙasa" a tes.

Sai kuma maganar zane. Lambar ta isa, amma idan wayar mutum ba ta da zanen alamar a cikinta, sai ta nuna masa akwati fanko kamar yankan awara. Wannan ya sa ban taɓa yarda da ■ da □ ba, ko da yake Malam shugaba ya fi son su. Ranar da wayar wani ta kasa zana ■, wanda ya biya da wanda bai biya ba duk farin akwati za su zama, kuma ni za a zo nema a gida bayan sallar magariba.

Yanzu a tes tauraro * nake sa wa wanda ya biya, mai bashi kuma 0. Jerin da ake bugawa a manna a ƙofar sito kuwa yana nan da ɗigonsa: a Word, manhajar rubutu ta kwamfuta, nake rubuta 25CF in danna madannan Alt da X tare, sai ya koma ●.