Kano ko Abuja: abin da nake gani a shagon yankar tikiti

Shagona na yankar tikitin jirgin sama yana Maigatari, ba nisa da tasha. Kwamfuta ɗaya ce da firinta, sai yaron da ke taya ni cike takardun biza. Duk wanda ya shigo, kafin a zo maganar kuɗi sai na tambaye shi daga ina yake son tashi.

Mafi yawa Kano suke cewa, musamman 'yan Umara. Filin jirgin Malam Aminu Kano na gida ne. A Kano jirgi ya fara sauka a ƙasar nan tun 1925, kuma har yau dattijo zai shiga ya yi Hausarsa a fahimce shi. Ga 'yan rakiya: mota guda za a cika, a kai Hajiya har bakin ƙofa, a dawo gida a ranar. Maƙwabtanmu na Damagaram ma ta nan suke bi, don Kano ta fi musu Yamai kusa nesa ba kusa ba.

Abuja kuwa ta matasa ce da 'yan kasuwa. Jirage sun fi yawa, wani lokaci tikitin ya fi sauƙi. A nan nake zaunar da mutum. Wani ɗan kasuwa ya nuna mini farashi a wayarsa, na ce, "Alhaji, ƙara kuɗin mota zuwa Abuja, da masauki, da ɗawainiyar kayanka in ka dawo daga Guangzhou ta ƙasar Sin." Muka lissafa tare, rarar ta narke. Na fi son in rasa ciniki da in tura mutum wannan doguwar hanya da dare saboda ragin da bai taka kara ya karya ba.

Masu zuwa asibiti Alƙahira ba na ja da su, duk inda jirgin kai tsaye yake nan za a bi. Mara lafiya ba zai iya zaman jira a wata ƙasa ba.

Dutse tamu ce, ta sauƙaƙa wa alhazan Jigawa, amma in an gama jigilar Hajji sai ta yi tsit.

Lokacin hunturu ne ke hana ni barci. Hazo na saukowa sai a ɗage tashi daga Kano, wayata ta yi ta ƙara har asuba. Shi ya sa daga Disamba nake roƙon mai canjin jirgi a gaba ya bar tazarar kwana guda.