Babbar Taya a Kan Hilux: A Fara Duba Zurfin Bayan Wili

A shagonmu na taya da wili a yankin Gumel, yawancin masu zuwa direbobin a-kori-kura ne, masu ɗaukar kaya zuwa kasuwar Maigatari da ƙauyukan da rairayi ke cin ƙafar mota. Buƙatarsu ɗaya ce: taya mai tsayi da faɗi, don cikin mota ya daina dukan ƙasa. Abin da muke fara gaya wa mutum shi ne, Alhaji, kafin a yi maganar taya sai an auna wili.

Awon da muke nufi shi ne zurfin bayan wili, wato tazarar da ke tsakanin leɓensa na ciki da fuskar da ke zama a kan hob, ƙarfen da ake ɗaure wili a jikinsa. Ka kifa wilin a ƙasa, ka gitta miƙaƙƙen ƙarfe a kan leɓen, ka sauke tef zuwa inda ramukan noti suke. Idan zurfin ya yi yawa, taya tana shigewa ciki. Idan ya yi kaɗan, sai ta leƙo waje. A jikin wili da yawa akwai lamba bayan harufan ET, tana nuna nisan fuskar daga tsakiyar wilin a milimita.

Hilux da yawa na yanzu suna zuwa da wili inci 17, faɗi inci 7.5, ET30, da taya 265/65R17 (faɗi milimita 265, tsayin gefe kashi 65 cikin ɗari na faɗin, a kan wili inci 17). Zurfin bayansa kusan inci 5.4 ne. Wanda ya koma 265/70R17 faɗin bai canja ba, tsayi ne ya ƙaru da kamar milimita 27, kuma galibi wilin kamfani ya ishe shi. Ga mai aikin ƙauye, wannan nake zaɓa.

Rigimar tana kan 285/70R17. Ta fi faɗi da milimita 20, goma ciki, goma waje. A tsohon wili, goman nan ta ciki ita ce ke kai gefen tayar kusa da ƙarfen sama mai riƙe ƙafar gaba. Gefen taya kuwa shi ne wuri mafi rauni. In ya fara gogar ƙarfe za ka ga baƙin zobe mai sheƙi ya zagaye shi, daga nan sai kumburi, sai fashewa da lodi a kai. Don a dawo da tazarar, ana neman wili mai faɗin inci 8 da ET kusan 20, zurfi inci biyar da kwata.

Wasu sukan ce a sa musu ET0 don mota ta buɗe ƙafa ta yi kwarjini. A nan taya ta fito da santimita huɗu. Da ka karya sitiyari sai ta ci bayan madigadi da gefen bamba, tana watsa laka da tsakuwa a jikin ƙofa. Nauyi kuma ya kauce daga kan boris, shi da tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafa, su riƙa mutuwa da wuri, sitiyari yana fizgar hannu a duk rami.

Ba ma sallamar mota sai mun gwada. Muna shafa alli a gefen tayar, mu karya sitiyari ƙarshe dama da hagu, gaba da baya, sannan mu hau da ƙafa ɗaya kan tudun ƙasa don sifirin ya danne. Duk inda allin ya goge, nan take taɓawa. Tsakanin taya da ƙarfe dole yatsa ya shiga, tiyon birki kuma kada ya kusance ta.

A kula da ramukan noti. Na Hilux shida ne, 6x139.7, wato rami shida a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7, ramin tsakiya milimita 106.1, wilin Land Cruiser mai rami biyar ba zai hau ba. Siririn faifan da ake cusawa bayan wili don a turo shi waje ba ma sa shi, domin yana cinye zaren noti. Noti ya zagaya sau takwas kafin ya kama, a kuma sake ɗaure shi bayan kilomita 50.

Mitar gudu za ta riƙa rage lissafi: da 285, in ta nuna 100, kana kusan 107. Safaya ma a canja ta daidai da sauran, a gwada ko za ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi tun mota tana shago.