Hoto mai motsi da ya ƙi motsi

Yau da yamma a Gusau wani ɗalibi ya miƙo mini kwamfutarsa: "Malam, GIF ɗin nan ya ƙi motsi a Tkinter." GIF hoto ne mai motsi da aka haɗa da fallaye da yawa, Tkinter kuma kayan aiki ne na harshen kwamfuta Python da ake gina tagogin manhaja da shi. Ai haka PhotoImage, mai ɗauko hoto a Tkinter, take, fallen farko kawai take ɗauka. Sai ka nemi "gif -index 1", sannan 2, har ta jefo saƙon kuskure na TclError, alamar fallayen sun ƙare.

Amma ainihin matsalar sleep ce, wato umarnin dakatar da shirin na ɗan lokaci, da ya cusa a tsakanin fallayen. Tagar ta daskare, domin mainloop, wanda ke kula da sabunta tagar, bai samu sararin zana komai ba. Muka koma after, umarnin da ke jinkirta aiki ba tare da tsayar da mainloop ba, da milisakan 100, falle 10 a daƙiƙa ke nan, muka adana fallayen cikin jeri kada Python ya share su. Nan take hoton ya motsa. Ni dai na gane ban taɓa yi wa ɗalibaina bayanin mainloop yadda ya kamata ba.