Daga Yarmouth zuwa Lamas: Bin Sawun Anna Sewell

Jirgin ƙasan da na hau a tashar Liverpool Street ta Landan ya sauke ni a birnin Norwich bayan tafiyar kusan sa'a biyu, daga nan kuma na shiga wani ƙarami wanda ya ratsa fadamun lardin Norfolk har garin Great Yarmouth da ke bakin teku. Abin da ya kai ni shi ne ganin wuraren da Anna Sewell ta rayu, matar da littafi ɗaya tak ta rubuta a duniya, wato Black Beauty, amma har gobe ana karanta wa yara shi a harsuna masu yawa.

Gidan da aka haife ta ranar 30 ga Maris, 1820, yana dandalin Church Plain, daura da babbar majami'ar garin, kuma saboda ƙanƙantarsa sai mutum ya wuce shi bai lura ba, domin a matse yake tsakanin gine-ginen da suka fi shi girma. Ban daɗe a wurin ba, don ita ma ba ta daɗe ba: tana jaririya iyayenta, mabiya ɗarikar Quaker ta Kiristoci, suka koma Landan neman abinci. A can ne, tana da kimanin shekara 14, ta faɗi a hanyar dawowa daga makaranta ta ji rauni a idon sawu, raunin da bai warke ba har ƙarshen rayuwarta. Tun daga lokacin keken doki ya zama ƙafarta, kuma ita da kanta take riƙe linzami, har ta riƙa kai mahaifinta tashar jirgi idan zai tafi wurin aiki. Wanda bai iya zuwa ko'ina sai da yardar doki, dole ya san halin doki fiye da wanda yake hawa don ado.

Da na koma Norwich sai na nufi arewa, zuwa ƙauyen Old Catton, inda iyalin suka zauna daga 1867. Gidan yana kan titin Spixworth, daga bakin hanya kawai na tsaya na dube shi. A nan ta rubuta littafin tsakanin 1871 da 1877, tana kwance cikin jinya, wani lokaci ta rubuta da fensir a kan 'yan guntayen takardu, wani lokaci kuma ta yi shifta ga mahaifiyarta, Mary Sewell, wadda ita ma marubuciya ce da ta yi suna da waƙoƙin tarbiyya. Kamfanin Jarrold na Norwich, wanda babban kantinsa yake tsakiyar birnin har yau, ya saye shi kan fam 40, ya fitar da shi a watan Nuwamba na 1877. Wata biyar bayan haka, ranar 25 ga Afrilu, 1878, ta rasu.

A tsaye a bakin titin nan na daɗe ina juya wani abu a raina, wato yadda aka mayar da aikinta tatsuniyar yara alhali ba yara ta nufa ba. Masu aiki da dawaki ta rubuta wa: 'yan barga, da matuƙan keken haya, da attajiran da suke ba su umarni. Ta sa dokin da kansa ya ba da labarinsa, daga makiyaya mai ni'ima zuwa jan keken haya a titunan Landan, kuma babban abin da ta yaƙa shi ne wani maɗauri na fata da ake ja daga linzami a ɗaure a gadon baya, don kan dokin ya tsaya sama ƙiƙam ya burge masu kallo. Dokin da aka yi wa haka ba ya iya sunkuyar da kai ya ja kaya a hawan tudu, numfashinsa yana wahala, wuyansa yana ciwo, duk don yayi. Wanda ya taɓa ganin bakin doki yana jini bayan hawan Sallah saboda kaifin linzami zai gane zancenta nan take. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne ba ta ɗora laifi kan talakan matuƙi ba, ta nuna cewa kuɗin hayar da ake tatsa daga gare shi ne yake sa ya gallaza wa dabbar, wannan kuma magana ce ta manya. Da aka buga littafin a Amurka a 1890, masu fafutukar kare dabbobi ƙarƙashin George Angell sun riƙa raba shi ga matuƙa da masu barga.

A hanyar komawa cikin birni na tsaya a ƙofar lambun Sewell Park, inda aka kafa kwamin shayar da dawaki a 1917 don tunawa da ita. A ganina wannan ya fi dacewa da ita fiye da kowane mutum-mutumi.

Zangona na ƙarshe shi ne ƙauyen Lamas, kusa da Buxton a gefen kogin Bure, yankin da kakanninta suke da gona, inda ake cewa ta fara koyon hawa tana yarinya. A maƙabartar 'yan Quaker ta nan aka binne ta. A 1984 aka sa motar rusau ta baje maƙabartar, abin da ya tayar da ƙura sosai, daga baya aka kwashe duwatsun kaburburan aka manna su a jikin katanga ta bakin hanya. Tsohon ɗakin ibadar ya zama gidan zama, don haka daga titi na karanta sunanta tare da na iyayenta, sannan na gangara Buxton neman motar da za ta mayar da ni Norwich kafin ruwan da ya haɗo ya sauko.